Yadda ake gane salon ƙira da shekarun tsuba, garkuwar takobin Japan

Tsuba shi ne faifan ƙarfen da ke tsakanin mariƙin takobin Japan da kaifinsa, mai kare hannu. Masu fara tarawa sukan garzaya wurin sa hannun maƙeri, alhali shi ne abin da ya fi sauƙin ƙirƙira. A fara da ƙarfen, sa hannu ya zo a ƙarshe. Ana buƙatar ma'aunin kauri, gilashin ƙara girma, da hasken rana mai shigowa ta gefe.

Da farko a tabbatar ƙira ce, ba zubi ba. Leƙa cikin hujojin ado. Idan ka ga siririn layi ya bi tsakiyar bangon huji, nan ne ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu. Fuska mai tsakuwa-tsakuwa da ƙananan ramukan iska su ma alamar zubi ce. Sai ramin tsakiya, nakago-ana, inda gindin takobi ke shiga. Sau da yawa akwai guntun jan ƙarfe da aka cusa a samansa da ƙasansa don ya kama takobi, ana ce masa sekigane. A jabu, wannan guntun da faifan duk ƙarfe ɗaya ne, domin tare aka zuba su.

Daga nan a riƙe shi daidai: tsinin ramin tsakiya ya kalli sama, fuskar da ta fi ado ta kalle ka. A yawancinsu ramin hagu mai siffar rabin wata na 'yar wuƙar kozuka ne, na dama mai kunnuwa uku kuma na tsinken kogai ne. Idan ramin ya yanke zane ba tare da tsari ba, daga baya aka huda shi, kuma wannan yakan nuna faifan ya girmi ramin.

Yanzu awo. Na katana, wato dogon takobi, faɗinsa yakan kai wajen santimita 7.5 zuwa 8, na wakizashi, gajeren takobi, ya ɗan gaza haka. Amma kauri ya fi faɗi magana. Faifai mai faɗi, siriri, milimita 2 zuwa 3, da ɗan hujin ado ɗaya ko biyu, yana nuni ga zamanin Muromachi (1336 zuwa 1573). In bakinsa a shafe yake, ana danganta shi da maƙeran takubba, Ko-tosho. In bakin ya ɗago, na maƙeran sulke ne, Ko-katchushi. Na zamanin Edo (1603 zuwa 1868) sun fi kauri, yawanci milimita 4 zuwa 6.

Baki, wato mimi, shi ne wurin da ya kamata a daɗe. Shafa shi da yatsa. Ƙananan ƙulle-ƙulle masu tauri da suka ɓullo daga cikin ƙarfen, waɗanda ake kira tekkotsu, ƙashin ƙarfe, suna yawan fitowa a aikin gidajen ƙira na Owari da Kanayama. Owari yana da baki mai kusurwa, zane mai kauri, hagu da dama sun yi daidai. Aikin huji na Kyoto kuwa layukansa sirara ne, tsaf-tsaf. Akasaka, wanda ya bunƙasa a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, tun ƙarni na 17, bakinsa a mulmule yake, kuma a tsofaffinsa ana iya ganin layukan ninkin ƙarfe a baki ko a cikin huji. Kada a rikita wannan da layin zubi: layin ninki tsaga ce da ta shige ciki tana karkacewa, na zubi kuwa ya ɗan taso, a miƙe.

Ado ma yana da nasa bayani. Ɗige-ɗigen tagulla mai ruwan ɗorawa a kan siririn ƙarfe salon Onin ne, ganyaye masu yaɗo na tagulla kuma Heianjo. Baƙin ƙarfe mai sulɓi da sassaƙen duwatsu da ruwa ya fi kama da Choshu. Mayaƙa cikin sulke da ɗigon zinariya salon Soten ne na Hikone, sai dai an kwaikwaye shi ba adadi. Faifan shakudo, jan ƙarfe da aka gauraya da zinariya kaɗan har ya yi baƙi mai shuɗi-shuɗi, wanda aka cika fuskarsa da ƙananan ƙwayoyi a jere, ya bi hanyar gidan Goto.

Sai yanzu za a karanta sa hannu. Yawanci sunan maƙeri na hagun ramin tsakiya, garinsa na dama. Tsatsar cikin rubutun ta zama launi ɗaya da ta kewayensa, in ta fi haske an ƙara shi daga baya. Sunayen shahararrun maƙera Nobuie da Kaneie sun fi kowane shan jabu, kuma yawancin tsofaffin tsuba na kirki ba su da sa hannu sam. Idan salo ya ce Edo, suna ya ce Momoyama, zamanin da ya gabaci Edo, a yarda da salo.

Kada a goge da samfefa, asid ko man goge ƙarfe. Baƙin launin nan da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru shi ne shaidar tsufa, in ya tafi ya tafi da darajar. Jar tsatsa kaɗai ake kankarewa a hankali da guntun ƙashi ko ƙaho, a bi da busasshen ƙyallen auduga. Mai tsada kuwa a tura shi ga ƙungiyar adana takubban Japan, NBTHK, da ke Tokyo, wadda aka kafa a 1948, domin takardar shaida, wadda matakinta na farko shi ne Hozon.