Darasi na 9: Fara shan sabon magani ga mai ciwon miyasteni

Bismillah. Iyayena da yayyena kowa ya buɗe kayensa ya ɗau bik. Yau za mu koyi karanta takardar likita, wato ordonans, kuma za mu yi aiki da misalin wani ciwo da ba kasafai ake ganinsa ba, sunansa miyasteni. Mai shi fatar idonsa na faɗowa, yana ganin abu ɗaya ya zama biyu, taunar tuwo ma ta gajiyar da shi, da safe da ɗan dama-dama amma kafin magariba jiki ya mutu. Ba iska ba ne kuma ba a ɗaukarsa wajen wani, saƙon jijiya ne ba ya isa ga naman jiki yadda ya kamata. Maganin da aka fi fara bayarwa shi ne Mestinon.

Mataki na farko, sunan magani

Ku aza takardar kusa da kwalbar. Sa yatsa kan harafin farko, M. Bi su ɗaya bayan ɗaya, M E S T I N O N, haruffa 8 ne. Kusa da sunan akwai lamba, 60 mg, wannan ƙarfin ƙwaya ɗaya ne, ba yawan da za a sha ba. In lambar kwalba ta bambanta da ta takarda kar a sha, a koma farmasi a tambaya. Babu kunya a tambaya wallahi.

Mataki na biyu, layin da ya fi ka da mutane

Ku kwafi wannan cikin kaye da manyan baƙaƙe:

1 cp x 3 / j

Misali ne kawai, na kowa likitansa ne zai rubuta masa. To a hankali. 1 ɗin farko, ɗaya. cp, ƙwaya ke nan da faransanci. Alamar nan x mai kama da an soke abu, ba sokewa ba ce, tana nufin sau. 3, uku. j kuma yini. In an haɗa: ƙwaya ɗaya, sau uku a yini.

Ku faɗa da ƙarfi. Ƙwaya ɗaya, sau uku. Madalla, haka ne Inna, sake faɗi. Ƙwaya nawa ke shiga baki? Ɗaya. Sau nawa a yini? Uku.

Abin da nake gani a aji shi ne ido na tsallake 1 ya faɗa kan 3, sai mutum ya zuba uku a tafin hannu ya watsa baki wai ya gama da na yau. A'a. Lambar da ta zo kafin cp ita ce ta tafin hannu, lambar da ta biyo bayan x ta agogo ce. Ku zana tafin hannu ƙarƙashin 1, ku zana agogo ƙarƙashin 3. Wanda zanensa bai yi kyau ba ba komai, shi dai ya gane abinsa.

Dalilin rarrabawar, maganin nan yana fara aiki bayan kamar minti 30 zuwa awa ɗaya, kuma awa 3 zuwa 4 ƙarfinsa ya tafi, kamar garwashin shayi ne da sai ana ƙara gawayi kaɗan-kaɗan. Shi ya sa likitoci kan ce a sha minti 30 kafin abinci don a iya tauna da haɗiya. Wanda ya haɗa uku lokaci guda kuwa ciki zai murɗa, ga zawo ga zufa ga miyau na zuba, kuma jikin da ake so ya yi ƙarfi ya ƙara mutuwa, har numfashi yana iya gagara.

Gwaji. 1 cp x 2 / j. Tafin hannu nawa? Agogo nawa? Sai wannan, 1/2 cp x 3 / j. Wannan rabin ƙwaya ne, sau uku. Da yawa likita kan fara da kaɗan ya riƙa ƙarawa, kar wani ya ce rabi ya yi masa kaɗan ya ƙara da kansa.

Yanzu a ja layi uku a kaye, a rubuta 7h, 12h, 18h ko lokutan da likita ya ba ku. h ɗin ƙarfe ke nan. An haɗiye, a sa alama nan take. In an manta ɗaya kar a haɗa biyu a na gaba. Ƙwaya ɗaya dai.

Kuma don Allah ku daina ce min ai kun gane alhali kaye na gida ƙarƙashin katifa. Mutum ya sha tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram zuwa Yamai ganin likitan jijiya, ya kashe kuɗin mota da na awo, ya dawo layi ɗaya tak ya ƙi zama ya koya? Haba. A sake karantawa, ƙwaya ɗaya, sau uku.

Mataki na uku, maganin da ba a haɗawa

Wannan da rai ne a ciki. Kinin na zazzaɓin sauro yana tsananta miyasteni, haka klorokin, haka allurar jentamisin da ƙwayar sipro, wato siprofloksasin. Ku rubuta MYASTHENIE a ƙaramar takarda ta zauna cikin aljihu, duk CSI, wato ƙaramin asibiti, da aka je a nuna wa majo kafin ya rubuta komai. Na masu yawo da magani a tire kuwa kar a taɓa.

Mataki na huɗu, ajiya

A rufe kwalba gam, ƙwayar na shan danshi musamman da damina. A ajiye a inuwa nesa da yara. Kar a jira ta ƙare, ba kowace farmasi ke da shi ba.

Mataki na biyar

Numfashi na wuya, ko ruwa na shaƙe mutum yana fitowa ta hanci, a tafi babban asibitin Damagaram ko da tsakar dare ne, da kwalbar da kayen. Maganar azumi a tambayi likita tun kafin wata ya kama.

Aikin gida: a kwafi 1 cp x 3 / j sau 10, da zanen tafin hannu da agogo.