Yadda Ake Bin Sawun Ruwan Tsami a Ƙarƙashin Jujin Ma'adinai

Duk inda ake haƙar kwal, irin Maiganga a ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, ko dalma da tutiya, ana barin tsibin ƙasa da duwatsun da ba a so. A cikinsu akan sami farait, dutsen nan mai ƙyalli wanda ya ƙunshi ƙarfe da farar wuta. Idan iska da ruwan sama suka same shi, sai ya haifar da asid. Ruwan ya yi tsami, ya narkar da ƙarafa, ya sulale ta ƙarƙashin ƙasa zuwa rijiyoyi da fadamu. Kafin a gan shi da ido, ya riga ya yi nisa.

Abin da ke tona asirinsa shi ne lantarki. Ruwan da ya sha narkakkun ƙarafa yana barin wuta ta ratsa shi cikin sauƙi, don haka na'urar da masu safiyon burtsatse ke ɗauka, irin ABEM Terrameter, tana iya nuna hanyarsa.

A fara da ƙafa. A zagaya jujin, a duba inda ƙasa ta gangara, a nemi kwatar da ta yi jan tsatsa ko wurin da ciyawa ta ƙi fitowa. A tambayi manoma da masu rijiyoyi. Su suka san wadda ɗanɗanonta ya sauya.

Sai a shata layuka. Na farko a ja shi can sama da jujin, inda ruwansa ba ya zuwa. Wannan layin masu gaggawa kan tsallake, alhali da shi za a gwada sauran. Ragowar a ja su a gindin tsibin da kuma tsakaninsa da gari, suna gitta gangaren.

A kakkafa sandunan ƙarfe a jere, tazara ɗaya, misali mita 5, a haɗa su da kebul. Na'urar tana tura wuta ta sanduna biyu, ta auna ta wasu biyu. Gwargwadon tsawon layi, gwargwadon zurfin da za a gani: layin mita 200 yakan leƙa kimanin mita 30 zuwa 40. Da rani ƙasar Gombe takan bushe ƙamas, sanda ta ƙi kama wuta, sai a zuba ɗan ruwan gishiri a gindinta. A nisanci bututun ƙarfe da shingen waya, suna ɓata awo.

Manhaja irin RES2DINV za ta mai da alƙaluman hoton cikin ƙasa. Inda turjiya, wato yadda ƙasa ke hana wuta wucewa, ta faɗi ƙasa sosai, kuma ta miƙe daga gindin jujin ta bi gangare, nan ake zargi.

Zargi ne dai tukuna. Yumɓu ma yana barin wuta ta wuce, kuma yankin yana da shi. Ba daidai ba ne a ɗaga wa gari hankali da hoto kawai, ko a ce musu lafiya lau da hoto kawai. A haƙa ƙaramar rijiyar gwaji a wurin, a ɗebi ruwa. Ruwan sha ana son pH ɗinsa, wato ma'aunin tsaminsa, tsakanin 6.5 da 8.5, na juji mai tsami yakan sauka ƙasa da 4. A kai sauran ɗakin gwaji a duba ƙarfe, dalma da salfet, sinadarin da farar wuta ke bari a ruwa. Sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Jihar Gombe ko na ATBU Bauchi wuri ne da za a nemi ƙwararru.

A bar fegi a kan layukan, a maimaita awon a ƙarshen damina. Idan tabon da ake zargi a hoton ya matsa wajen gari, a daina shan rijiyoyin da ke kan hanyarsa, a tare ruwan da kwata mai cike da dutsen farar ƙasa, sannan a lulluɓe jujin da yumɓu.