Haruffa masu kaurin ƙafa: inda muke kuskure wajen rubuta allon shago

Duk wanda ya ratsa kasuwar Dole ko ya bi layin shagunan Zango a Damagaram ya ga irin waɗannan haruffan, ko da bai san sunansu ba. Su ne masu faɗin ƙafa kamar an girka su a kan bulo. Faransawa na ce musu égyptiennes, alhali ba daga Masar suka fito ba. A Landan wani maƙerin haruffa, Vincent Figgins, ya fitar da irinsu a 1815, don tallan da ake so a hango daga nesa. Nau'in Clarendon ya biyo a 1845, na Rockwell a 1934. Aikinsu ke nan tun asali: babban rubutu mai tsayawa da ƙafarsa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na haruffa masu lanƙwasa. Da yawa daga cikin waɗannan nau'o'in ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan ka buga su, kwamfuta sai ta aro daga wani nau'in, ka ga ƙ siririya a tsakiyar ƙattai. Wasu kuma don gudun haka sai su yar da lanƙwasar gaba ɗaya. Na taɓa kai aikin wani dattijo gidan buga takardu, allon masaukinsa, aka dawo mini da “Masaukin Baki” maimakon “Baƙi”. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, “Ɗana, ba haka na faɗa maka ba.” Da kuɗina aka sake shi. Tun ranar, kafin in zaɓi nau'i sai na buga “ɓera, ɗaki, ƙofa, ƴaƴa” na duba, manya da ƙanana. Nau'in Charis SIL yana da su duka, kuma kyauta ne. In dole sai Rockwell, a zana lanƙwasar da hannu, kaurinta daidai da na harafin.

Sai matsi. Sunan shago ya yi tsawo, allo ya yi kaɗan, sai a cusa haruffa har ƙafafunsu su haɗe. Daga kan kabu-kabu ba abin da ake gani sai baƙin layi, balle lokacin hunturu da ƙura ta kwanta a kai. A buɗa tsakaninsu, ko a raba sunan layi biyu. Kada kuma a ja rubutun da linzamin kwamfuta don ya cika wuri, domin sandunan tsaye za su kumbura, na kwance su rame.

Katin ɗaurin aure ma yana shan wahala. Mai kauri ta dace da sunayen ango da amarya, amma idan aka rubuta kwanan wata da unguwa da ita a ƙanƙane, tawada kan cike cikin a da e, tsofaffi su kasa karantawa. A sa siririyarta a nan, ko nau'i marar ƙafa, kuma a fara buga guda ɗaya a kan ainihin takardar katin kafin a saki ɗari biyar.