Yadda ake zama mawakin kantiri mai yawon wasa a Amurka, tun daga karamar mota har zuwa bas

Ni dai wakar kantiri a motar kawuna na fara jinta, wata tsohuwar fijo 504 da kaset din Don Williams da na Jim Reeves basa fita daga cikinta, lokacin wakar kaboyi nake ce mata sbd hular nan tasu. Yau gashi Allah ya kawo ni Amurka ina jan tirela, kuma hanyata bata rabuwa da Nashville ta jihar Tennessee, garin da nan ne cibiyar wannan waka. Wani dan yayata da ya dan iya kada jita ya dame ni da tambaya, kullum kawu ya ake yi mutum ya shiga harkar nan, toh shine nace bari in rubuta gaba daya kowa ya karanta.

Abin da zan fara gaya maka dana, awa daya da rabi da kake ganin mawaki a kan dandamali ana masa ihu shine mafi kankantar aikinsa. Sauran awa ashirin da biyu da rabi na hanya ne, zaman mota, jiran a gwada sifiku, cin abincin gidan mai, da lissafin kudi. Idan kasan bazaka iya zama a mota awa goma daga Nashville zuwa Dallas ba, ka sauka ka wanke fuska ka fito kana murmushi kamar daga gida kake, toh ka tsaya a dakinka kayi ta dora bidiyo a TikTok, shima sana'a ce.

Ka fara da jita da biro. A wannan harkar murya mai dadi bata isa, masu murya sun yi yawa, har wanda yake kawo maka abinci a gidan cin abinci a Nashville sai kaji ya fika murya. Abin da ake nema shine wanda zai bada labari cikakke cikin minti uku, mutum ya rasa aiki, mata ta tafi, uba ya tsufa, gonar gado an sayar, kuma da kalmomin da direba da manomi suke magana dasu. Ka rubuta dari kafin ka samu goma masu kyau, kada ka nunawa kowa na farko farkon.

Daga nan sai tattara kaya zuwa Nashville. Su kansu 'yan garin suna cewa garin shekara goma ne, wato ka shirya yin shekara goma kafin wani ya san da zamanka. Ba wasa suke ba. Chris Stapleton ya shigo garin a 2001, yayi ta rubutawa wasu waka suna suna da ita, sai a 2015 ya fitar da albam dinsa na farko shi kadai duniya ta sanshi. Kris Kristofferson da digirinsa na Oxford shara yake yi a sitidiyon Columbia. Willie Nelson ya zo a 1960, wasu suka yi kudi da wakokin da ya rubuta, shi kuwa muryarsa taki karbuwa a wajen masu kamfani har ya gaji ya koma Texas, can ne tauraronsa ya haska. Saboda haka ka nemi aikin rana da zai biya kudin haya, kuma ka zabi wanda zai barka ka fita da yamma.

Da yamman nan ina zaka? Wajen zaman marubuta waka. Mutum uku ko hudu ne suke hawa dandamali da jitocinsu su zauna a jere, kowa yayi wakarsa daya a zagayo, babu ganga babu komai. Mafi shahara shine Bluebird Cafe da aka bude a 1982, dan karamin waje ne kujerunsa wajen 90, amma a nan wani jami'in kamfanin faifai na Capitol yaji Garth Brooks a 1988 bayan kamfanin ya riga ya ki shi, a nan kuma aka ga Taylor Swift tana yarinya. Kada kaje da tunanin za'a tsince ka dare daya. Amfanin wajen shine ka hadu da sa'anninka ku rika hada alkawarin rubutu, domin a garin nan da wuya kaga waka mai marubuci daya, mutum biyu ko uku ne suke shiga daki da safe kamar masu zuwa ofis su fito da waka kafin la'asar. Al'adarsu kuma duk wanda yake dakin rabonsa daidai da na kowa, ko da layi daya ya kawo. Kada ka tsaya jayayya a kan wannan, sunanka zai baci kafin sati ya zagayo.

Akwai kuma titin Broadway, inda su Tootsie's da Robert's Western World suke. Gaskiya daya ce, wadannan mashaya ne, kuma mafi yawan wuraren da sabon mawaki zai fara wasa a fadin kasar mashaya ne, wanda yasan addininsa sai ya zauna yayi wa kansa hisabi tun kafin ya sayi tikitin jirgi, ni dai na fada maka. A Broadway ana kida tun safe har tsakar dare, kowane rukuni awa hudu, dan abin da mai gida zai bayar kadan ne, sauran daga bokitin da ake zagayawa dashi yake fitowa, kusan kamar liki a gidan biki. Mutum ya jefa dala 20 yace a yi masa wakar wane, dole ka iya ta nan take. Wannan makaranta ce babba, tana koya maka daruruwan wakoki da yadda ake rike mutanen da basu zo don kai ba, amma tarko ce kuma, akwai wadanda suka shiga don wata shida gashi sun yi furfura a wajen suna rera wakokin mutane, nasu suna cikin littafi a gida.

Wani abu da sai ka koya ko kana so ko baka so shine rubutun lamba na Nashville. Makadan garin basa rubuta kida da harufa, kowane kamun yatsu a jita lamba suke bashi, 1, 4, 5 haka, ta yadda idan mawaki yace muryarsa yau bata kai can sama ba a dan sauko, takardar bata canzawa. Neal Matthews na kungiyar Jordanaires ne ya kirkiro shi a karshen shekarun 1950. Da shi ne makadin da bai taba jin wakarka ba zai saurara sau daya ya rubuta a bayan ambulan ya hau dandamali da kai. Ranar da mai gangarka ya kwanta rashin lafiya a wani kauye a Kansas zaka gode min.

Yanzu maganar da tafi komai a wajena, mallakar waka. Kafin ka rera wakarka a gaban jama'a kayi rajista da daya daga cikin kungiyoyin da suke karbo wa marubuta hakkinsu, BMI ko ASCAP, su ne suke bin gidajen rediyo da talabijin da wuraren wasa suna tattaro kudi. Kuma duk takardar da aka miko maka kada ka sa hannu sai lauyan da ya san harkar waka ya karanta, lauyanka kai, ba wanda kamfanin ya nuna maka ba. Kudin da kamfani yake baka a farko bashi ne, daga cinikinka za'a cire har da kudin sitidiyo da na bidiyo, shi yasa zaka ga mutum wakarsa tana ko ina a rediyo amma aljihunsa wayam. Dubi Dolly Parton. Elvis Presley ya so ya rera wata wakarta, manajansa Kanar Tom Parker yace sai an basu rabin mallakar wakar, ta ki, duk da cewa Elvis ne fa. A 1992 Whitney Houston ta rera wannan wakar, kudin da ya shigo ba'a magana, kuma nata ne sbd bata sayar ba. Murya tana tsufa, gwiwa tana gajiya da hawa dandamali, waka kuwa tana nan tana kawo kudi kana barci.

Toh sai hanya. Ba da bas ake farawa ba, da karamar mota mai cin mutum goma sha biyu zuwa sha biyar ake farawa, an daura mata dan akwatin kaya a baya, kai ne direba kai ne dan dako kai ne mai sayar da riga. Loretta Lynn a 1960 ita da mijinta haka suka rika bin gidajen rediyo daya bayan daya da faifanta na farko suna rokon a saka, suna kwana a mota. Nashville tana da dadin fita sbd manyan hanyoyi uku sun hadu a cikinta, masu lamba 40 da 65 da 24, Atlanta awa hudu, Chicago kamar bakwai. Ka tsara tafiyarka a zagaye, kada ka karbi wasa a gabas yau gobe a yamma don kawai an kira ka, kudin mai zai cinye ribar. Kuma kafin ka tashi ka san irin cinikin da kuka yi da mai waje, kudi ne tsayayye ko kason kudin kofa ne, a rubuce, domin karfe daya na dare bayan an watse ba lokacin ciniki bane.

Lissafin kuma ga yadda yake. Manaja yana daukar kashi 15 zuwa 20 cikin dari, ejan din da yake samo maka wasanni kashi 10, idan ka girma mai rike maka littafin kudi ya dauki kamar 5. Sannan ka biya makada ko an samu jama'a ko ba'a samu ba, ka basu kudin abinci na kullum, ga mai ga otal ga inshora. Sau da yawa abin da yake tsamo sabon mawaki shine teburin riguna da huluna da faifai a bakin kofa, saboda haka da ka sauka daga dandamali kada ka wuce daki, ka tsaya a teburin nan ka gaisa da mutane ka dauki hoto. Masu son kantiri mutane ne masu rike zumunci, wanda ka sa wa hannu a hula yau zai biyo ka shekara ashirin. Garth Brooks a 1996 ya tsaya awa 23 yana sa wa masoya hannu a taron haduwar mawaka da masoyansu na Fan Fair. Haraji kuma ka ware shi gefe tun ranar da kudin ya shigo, Willie Nelson da girmansa hukumar haraji ta kwace masa kadarori a 1990 kan bashin miliyoyin daloli.

Idan abu ya fara kyau zaka fara budewa manya wasa, minti ashirin ko talatin kafin mai gayya ya fito, kudin ba yawa amma jama'ar ba taka bace aka ara maka. Ka gama a kan lokaci, kada ka kara ko minti daya, ka gaida masu hada sifiku da fitilu da sunansu. Akwai kuma kasuwannin baje koli na jihohi da wasannin kaboyi irin na Houston, da manyan dakunan rawa na Texas kamar Billy Bob's a Fort Worth da Gruene Hall da yake tsaye tun 1878.

Bas din da kowa yake mafarki, wadanda nake gani a wuraren hutun direbobi da tsakar dare injinsu yana ta aiki, yawanci haya ake daukarsu. Ana haduwa daren Laraba ko Alhamis a filin ajiye motoci na wani babban kanti, a tashi sha biyun dare, a yi wasa kwana uku a dawo Lahadi. Gadaje goma sha biyu ne a ciki hawa uku uku kamar kabari da labule. Ka kwanta kafafunka suna kallon gaba, idan direba ya taka birki da karfi gara kafa ta daki katako da kai ya daka. Bandakin ciki na fitsari ne kawai, wanda ya karya wannan dokar kowa zai sani. Direba kuwa sarki ne, doka bata barshi ya wuce awa goma yana tuki, mu masu tirela sha daya aka bamu, da kun iso sai ya wuce otal ya kwanta, kada wanda ya tashe shi.

Jikinka shine jarin, kuma hanyar nan ta ci mutane. Hank Williams a bayan mota ya mutu ranar 1 ga Janairu 1953 a kan hanyar zuwa wasa a Ohio yana da shekara 29, giya da kwayoyi sun riga sun gama dashi. George Jones sbd shaye shaye har lakabi aka yi masa na wanda baya zuwa wasa. Patsy Cline a 1963 da Jim Reeves din kawuna a 1964 duk karamin jirgi ne ya fadi dasu. Ka sha ruwa, kayi barci duk inda ka samu, ka rage surutu bayan wasa sbd ihu cikin hayaniya yafi waka kashe murya, kuma idan direba yace yanayi ba kyau a kwana, toh a kwana.

Tambayarka ta karshe dana, wai bako bakar fata zai iya? Charley Pride da ya fara a 1966 kamfanin RCA ko hotonsa basu sa ba da suka aika faifansa gidajen rediyo, daga baya ya zama cikin manyan da suka fi yi musu ciniki. Keith Urban daga Ostireliya ya zo. Shaboozey kuma iyayensa 'yan Najeriya ne, a Virginia aka haife shi, a 2024 wakarsa tayi sati 19 a saman jadawalin Billboard na wakokin da suka fi tashe a Amurka. Amma kai da kake Kano matsalarka ta farko biza ce, bizar ziyara bata halatta maka ka karbi ko dala daya don wasa ba, akwai ta masu fasaha daban kuma sai ka nuna shaidar cewa ka riga ka yi suna a inda kake. Saboda haka ka turo min wakoki goma da ka rubuta da kanka tukunna, ba na Don Williams ba.