Inda za a ajiye ruwan canji na akwatin kifi

Jama'a masu kifin ado, a kula da mazubin tataccen ruwan canji, wato sabon ruwan da ake maye gurbin tsohon ruwan akwatin kifi da shi. Na taɓa zuba nawa a jarkar da ta ɗauki sabulun ruwa, na wanke ta har sau uku, duk da haka kifayena biyu suka mutu, abin ya yi mini ciwo. Ku sayi sabuwar jarkar ruwan sha, mai lamba 2 a gindinta (lambar da ke nuna irin robar), a rufe ta ruf a inuwa, don hasken rana na kawo gansakuka. Ruwan injin RO, wato na'urar tace ruwa, kusan babu ma'adinai, sai an ƙara. Ranar canji a taɓa ruwan jarka da na akwati, in ɗuminsu bai zo ɗaya ba a dakata, musamman da hunturu. Canza kashi 20 cikin 100 na ruwan akwati a mako ya wadatar.