Yadda za ka tada tsohon garmaho da kuɗi kaɗan

Yawancin na'urorin faifai da ke jibge a ɗakunan ajiya na Yamai ba mutuwa suka yi ba. Giris ne ya daskare, roba ta narke ko ta ƙame saboda zafin bazara, ƙurar hunturu kuma ta cika ciki. Irin su Dual, Garrard, BSR, Philips, Lenco, ko ƴar akwatin nan ta Teppaz da ake ƙerawa a Faransa a da, duk an yi su ne yadda za a kwance a gyara a mayar. Abin da ke cinye kuɗin mutane shi ne sayen kaya tun kafin a gano ciwon. Don haka za mu fara da aikin da ba ya cin ko dala, kasuwa sai daga ƙarshe.

Kayan aikin ba su da yawa: sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, ƙaramar filaya, buroshin fenti sabo, auduga, alkwal mai digiri 90 daga farmasi, man keken ɗinki, farin giris mai laushi, mitar awon kuran da ƙarfen dalma. Ka samu tire mai gefe da za ka riƙa zuba ƙananan kusoshi, kuma ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire kowane abu.

Kada ka jona shi ga kuran tukuna. Duba farantin rubutun da ke baya ko ƙarƙashi. Kuran ɗinmu volt 220 ne, hertz 50, wato bugu 50 a daƙiƙa. Na'urorin Turai da yawa suna da maɓallin zaɓi tsakanin 110 da 220, idan aka bar shi a 110 aka jona, cikin ƙiftawar ido taransifoma zai yi hayaƙi. Wanda aka kawo daga Amurka matsalarsa biyu ce: an yi shi don volt 120 da hertz 60. Taransifoma zai rage masa ƙarfin kuran, amma idan injinsa irin mai bin bugun kuran ne, faifai mai juyi 33⅓ a minti zai koma wajen 28, waƙa ta yi ta jan ƙafa. Maganinsa sai an sauya kan sandar injin da na hertz 50. Masu inji mai sarrafa gudun kansa, kamar Technics SL-1200 da ya fito a 1972, bugun kuran bai dame su ba.

Buɗe ƙasan akwatin a inuwa, inda babu iska. Za ka iya tarar da gidan zanzaro, ƙwan kyankyaso, ko wayar da ɓera ya ciza. Share da buroshi, kada ka hura da baki. Wayar kuran idan ta tsattsage a sauya ta nan take. Kusa da makunni galibi akwai ƙaramin kondansa (ƴar ma'ajiyar kuran) mai kashe tartsatsi, wanda jikinsa kan tsage ya yi hayaƙi mai wari idan ya tsufa. Cire shi ka sa sabo mai alamar X2, lambarsa daidai da ta tsohon.

Kunnawar farko a yi ta cikin ƙwan fitila. Samu ƙwan wat 60 na da, mai zaren wuta a ciki, ka tsinka waya ɗaya ta igiyar jonawa ka sa shi a tsakani. Idan ya ɗan haska ya dushe, ko bai haska ba sam, lafiya. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai inda wayoyi suka haɗe, kashe ka nemo wurin. Ƙwan LED ba ya wannan aikin.

Sai faranti, wanda ake ɗora faifai a kansa. Ɗaga shimfiɗar robar da ke samansa. A Garrard da BSR akwai zoben ƙarfe a tsakiya, sai ka zare shi ka tare da yatsa, don tsalle yake yi ya ɓace. Idan farantin ya ƙi fitowa kada ka sa ƙarfe ka banƙare shi, da zarar ya lanƙwashe ya tashi aiki. Ɗiga mai kaɗan a gindin sandar tsakiya, ka ɗumama wurin da na'urar busar da gashi, sannan ka ja sama da hannu biyu. A ƙarƙashinsa wasu suna da ƙananan ƙwallayen ƙarfe tsakanin zoben ƙarfe biyu masu faɗi, ka lura da yadda aka jera su.

A nan za ka ga irin tuƙin da yake da shi. Idan bel ɗin roba ne, mai yiwuwa ka tarar ya narke ya zama baƙin kwalta a jikin faranti. Goge da auduga da alkwal har sai audugar ta fito fara, ka goge kan sandar injin ma. Don gane girman sabon, zagaya zare ta hanyar da bel ɗin ke bi, ka auna, ka rage kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari: idan zaren ya ba da santimita 60, nemi na 57 ko 58. Faɗinsa ya yi daidai da gurbin, galibi milimita 4 zuwa 6. Mai ɗaurewa da yawa yana cin gindin inji kuma yana kai gurnaninsa cikin sauti, mai sako-sako kuma santsi yake yi. Masu gyaran rediyo a Katako da Wadata su ne wurin fara tambaya, ka tafi da zaren awonka a aljihu. Robar da aka yanko daga tsohon tub ɗin taya tana juya faranti, amma kaurinta ba ɗaya ba ne, murya za ta riƙa rawa. Ta gwaji ce kawai.

Idan kuma ƴar tayar roba ce tsakanin inji da gefen faranti, duba bakinta. Wadda ta yi ƙyalli tana santsi, sai ka goga mata takardar yashi mai laushi, lamba 600 ko sama, a hankali kana juya ta, sannan ka wanke da alkwal tare da cikin gefen farantin. Wadda ta lotsa wuri ɗaya, saboda an ajiye na'urar shekaru tana danne da sandar inji, ita ke sa ƙarar nan ta dum-dum a kowane zagaye. Idan ta ƙame sarai, mai injin sassaƙar ƙarfe zai iya rage ta ya yanka mata gurbi a saka zoben roba irin na masu kayan mota. Ƙaramin bambanci a faɗin tayar ba ya sauya gudun faranti, abin da ake bukata ta zama da'ira sosai kuma ta kama ɓangarorin biyu.

Giris shi ne babban aikin, musamman a masu sauke faifai da kansu. Bayan shekara arba'in ko hamsin yana daskarewa kamar ƙaro, shi ke sa hannun da ke ɗauke da allura ya ƙi tashi, ko ya ƙi komawa mazauninsa, ko maɓallin sauya gudu ya ƙage. Kada ka tilasta wa komai. Ka bi gaɓa-gaɓa: cire, wanke tsohon da alkwal, shafa sabo siriri, mayar, sannan ka taɓa ta gaba. Ƙananan ƙarafan da ke kan babban giya, waɗanda ke jin hannu ya kai ƙarshen faifai, su ba a sa musu giris ko mai, a bushe suke aiki. Inji yana son ɗigo biyu na man keken ɗinki a sama da ƙasan sandarsa, sandar tsakiya ma haka. Man mota ya yi kauri, man gyaɗa kuwa danƙo yake zama. Ko ɗigo ɗaya ya taɓa bel ko tayar roba sai ka sake wankewa.

Mayar da faranti ka gwada gudu. Manna ƴar takarda a gefe: a 33⅓ ta zagayo sau 100 cikin minti 3, a 45 sau 45 cikin minti guda. Yi wannan awon da kuran na gari, domin ƙaramin janareta bugunsa hawa da sauka yake yi. Ka kuma duba kusoshi biyu ko uku da ke danne injin ga akwati don tafiya, sai an sake su ya yi lilo a kan sifirin, in ba haka ba lasifika za ta riƙa kuka idan an ƙara murya.

Yanzu sauti. Idan shiru ne, rage murya, cire ƙananan wayoyin bayan kan allura, wato ƴar akwatin da allura ke maƙale a ciki a bakin hannu, ka taɓa su da bakin sukudireba mai mariƙin roba. Jin guuu a lasifika na nufin amfili, wato ɓangaren ƙara ƙarfin sauti, na da rai, kan ne ya mutu. Tsofaffin akwatuna da yawa kansu na kiristal ne, wani gishiri da ba ya jure zafi da danshi, da wuya ka samu wanda ya tsira a ƙasarmu. Madadinsa shi ne na seramik, mai araha kuma mai juriya. Kada ka sa mai maganaɗisu a gurbinsa kai tsaye: shi milivolt 3 zuwa 5 kawai yake bayarwa, seramik kuwa ɗaruruwa, sai sautin ya fito siriri can ƙasa. Mai maganaɗisu yana bukatar mashigar da aka rubuta wa PHONO a amfili, ko ƙaramin akwatin ƙara ƙarfi a tsakani. Idan hannun na'urarka mai kusoshi biyu ne da tazarar milimita 12.7, Audio-Technica AT3600L na cikin mafi sauƙin kuɗi, sai dai a yi saƙonsa ta wani mai zuwa Kano, Kwatano ko Faransa. Launin wayoyi ƙa'ida ne: fari hagu, shuɗi ƙasan hagu, ja dama, kore ƙasan dama. Kada ka ɗora ƙarfen dalma a ƙafafun kan, zafi na kashe shi, a jikin ƴan maƙalan ake liƙi bayan an zare su.

Allura dai ba a gyara ta. Ta saffaya ba ta wuce awa hamsin, ta lu'ulu'u takan kai ɗaruruwan awoyi. Tun da ba ka san tarihin wadda ka tarar ba, sauya ta, in ma kuɗin abu ɗaya kake da shi to a nan za ka kashe, domin dakusasshiyar allura sassaƙe faifai take yi kuma ba ya dawowa.

Akwai al'adar ɗaure tsabar kuɗi a kan hannu don allura ta daina tsalle. Dala biyar giram 8 ce, alhali kai mai maganaɗisu giram 1.5 zuwa 3.5 yake so gwargwadon irinsa, seramik kuwa 4 zuwa 6. Tsalle daga datti ne, ko mutuwar allura, ko tebur marar daidaito, ko hannu mai ƙagewa. Don saita nauyi, juya ƙarfen bayan hannu har hannun ya tsaya a iska bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, mayar da zoben lamba sifiri, sannan ka juya duka zuwa nauyin da ake so. Maɓallin hana zamewa ya tsaya a lamba ɗaya da shi. Masu sifirin maimakon ƙarfe sai da sikeli, irin ƙaramin nan na masu sayar da zinariya. Tsabar dala ɗaya giram 3 ce, da ita za ka gane ko sikelin na faɗin gaskiya.

Gurnani marar yankewa iri biyu ne. Wanda ke ƙaruwa idan ka ƙara murya, daga wayoyi ne: siririyar wayar ƙasa ba ta ɗaure ga amfili ba, ko bakunan jonawa sun yi tsatsa. Wanda ke nan ko murya na sifiri, manyan kondansan ɓangaren kuran ne suka bushe. Sauya su da masu lambar µF iri ɗaya, volt daidai ko sama da na tsohon, ka kula da ƙafar + da −, don wanda aka juya fashewa yake yi. Amma idan na'urar mai fitilun gilashi ce a ciki, kondansanta na riƙe volt 250 ko fiye ko bayan an cire waya, wasu kuma jikin ƙarfensu kansa na ɗauke da kuran. Wannan ɓangaren ka kai wa tsohon mai gyaran rediyo, ladan aikinsa bai kai haɗarin ba. Ƙarar kar-kar idan ana murɗa maɓallin murya datti ne kawai, fesa maganin wanke maɓallai ka murɗa sau ashirin.

Kafin ka ɗora faifai a kan sabuwar allura, wanke shi da tataccen ruwa irin na ƙara wa batirin mota, ka tabbatar ba mai asid ba ne, da ɗigo ɗaya na sabulun ruwa. Bi layin zagaye da tsumma mai laushi, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ya bushe a inuwa. Faifan juyi 78 alkwal na narkar da shi, kuma allurarsa daban ce, mai kauri, shi ya sa wasu kawuna ke da ƴar sanda da ake juyawa tsakanin LP (faifan juyi 33⅓) da 78. A jera faifai a tsaye, nesa da kwanon rufi da bangon da rana ke duka, a kan katako sama da ƙasa saboda gara. Idan an gama sauraro a mayar da maɓallin gudu sifiri don tayar roba ta saki sandar inji, a zare waya daga bango, a rufe na'urar da zane mai kauri.