Yadda ake rainon 'ya'yan mage da suka rasa uwa

Kusan duk shekara, da an gama girbi an jibge kara a bayan gida, sai yaran unguwa sun yi mini sallama da 'ya'yan mage a cikin kwali ko a gaban riga: "Kawu, ga su mun tsinto, uwarsu ta gudu." Da yake ina ajiye hatsi, ban taɓa rabuwa da mage ba, shi ya sa suke nufo ni. A iya abin da na gani nan yankin Ringim, sanyi da ɗura su ne ajalin yawancin waɗanda suke mutuwa a hannun mutane. Yunwa ba ta cika kashe su da wuri haka ba. Wanda ya tsince su yana ganin suna kuka sai ya ruga neman madara, alhali madara ce ta uku a jerin abin da suke bukata.

Da fari, tabbatar da cewa marayun ne. Mage mai jego takan bar 'ya'yanta ta tafi farauta ta yi awanni. Kuma tana da ɗabi'ar sauya musu maɓoya, ta riƙa ɗaukarsu a wuya ɗaya bayan ɗaya, don haka wanda ka tarar shi kaɗai wataƙila layinsa ne bai zo ba. Dube su da kyau. In jikinsu tas yake, cikinsu a cike, sun haɗa kai suna barci, to uwarsu tana kusa, ƙila ma tana kan katanga tana kallonka, kuma ba za ta sauko ba muddin kana tsaye. Barbaɗa toka ka kewaye wurin, ka kore yara, ka dawo bayan awa uku ko huɗu. Sawunta zai ba ka labari. Amma in ka same su a jiƙe, ko jikinsu ya yi sanyi, ko cinnaka ta fara hawansu, ko ka ga gawar uwar da idonka, ba sauran jira. A nan wajenmu abin da ya fi mayar da su marayu shi ne maganin ɓera: a zuba wa ɓera, mage ta ci ɓeran. Maganar da ake yi cewa in mutum ya taɓa su uwar za ta ƙi su kuwa, ni na sha taɓawa na mayar, ta karɓi abinta. Iyaka ta sauya musu wuri.

Kafin ka yi komai, ƙiyasta kwanakinsu, don shi zai nuna maka girman aikin da ka ɗauko. Mai sauran cibiya bai wuce kwana biyar ba. Ido yakan fara buɗewa tsakanin kwana 7 zuwa 10. Haƙoran gaba suna ɓullowa wajen sati uku, lokacin da yake fara tafiya yana tangaɗi. Wanda yake gudu yana wasa ya kai wata guda, wannan mai sauƙi ne, zai lasa da kansa a faranti. Mai rufaffen ido shi ne aiki, shi kuma nake magana a kai.

Ga hanyar yanke, kuma ta fi duk abin da zan faɗa a ƙasa: cigiya a unguwa ko akwai magen da take shayar da 'ya'ya masu kusan girmansu. Sau da yawa takan karɓa. Goge marayan da tsumman da 'ya'yanta suke kwana a kai, ka cusa su cikinsu, ka zauna ka gani. In ta fara lasarsu, ka huta. In ta yi huci ta kwantar da kunne, kwashe abinka.

To, ba a samu ba. Sai ɗumi. Ɗan mage ba ya iya riƙe zafin jikinsa sai ya kai sati uku zuwa huɗu, jikin uwarsa da na 'yan'uwansa ne bargonsa. A sanyin Disamba da Janairu dare ɗaya ya isa. Taɓa tafin ƙafarsa da kunnensa, ka ɗan sa yatsa a bakinsa. In ka ji sanyi, kada ko ɗigo ɗaya na madara ya shiga cikinsa, domin hanjin da ya yi sanyi ba ya aiki, madarar za ta kwanta ne ta kumbura shi, ga shi ba ya iya haɗiya da kyau. Sa shi cikin rigarka, fatarsa a kan fatarka, ya yi kamar awa guda. In ya yi laƙwas, jiƙa yatsa da ruwan sukari ka shafa masa a dasashi, shafawa kawai. Sannan ka nemi kwali, ka shimfiɗa tsohon zani, ka cika robar lemo da ruwan ɗumi ka naɗe ta da tsumma ka ajiye a gefe ɗaya. Gefe ɗaya na ce, don in zafi ya ishe su su sami inda za su ja jiki. Ni na fi son gero: a ɗumama shi a kasko, a ɗura a safa a ɗaure, ba ya yoyo. Kaskon garwashi kuwa kada ya kusance su. A bazara kwali a inuwa ya wadatar da rana, amma da asuba a duba su.

Sai shayarwa. Nan ne na yi ɓarna a karona na farko, kuma nan kowa yake yi. Guda uku ne, a ƙarƙashin rumbu, da hunturu. Na aika aka sayo madarar shanu, na kwantar da ɗaya rigingine a tafin hannuna kamar jaririn mutum, na buɗe bakinsa ina zuba masa da cokali. Ina murna yana sha, ashe ƙwarewa yake yi. Sai na ga farin kumfa ta hancinsa. Gwaggona tana zaune tana sussukar gero, ta ɗago ta ce, "Kai ɗan nan, ka taɓa ganin mage ta kwantar da ɗanta rigingine ta ba shi nono?" Kashegari numfashinsa ya koma ƙarar-ƙarar, kafin kwana biyu ya mutu. Madarar ta shiga huhu. Na biyun zawo ya tafi da shi. Garin neman gira na rasa ido, ɗaya tal ta rayu.

Don haka ruf da ciki ake ba su, ƙafafu huɗu a kan tsumma a cinyarka, kai a ɗan ɗage kaɗan, yadda suke kwanciya a jikin uwarsu. Cokali ba ya cikin lissafi. Je kemis ka sayi ƙaramin sirinji, mai cin mil 2, wato mililita 2, ya fi, ka cire allurar. Kuɗinsa bai kai na shayi da burodi ba, sayi biyu ko uku, don in ya kwana biyu ana wanke shi yakan fara cijewa, ka danna ya ƙi, ka ƙara ƙarfi ya feso gaba ɗaya, kuma wannan feshin shi ne kisan. Wasu sukan sa guntun robar bawul ɗin keke a bakin sirinjin ya zama kamar kan nono. Yana aiki, sai dai a wanke ta da ruwan zafi, a tabbata ta kama gam. Sa bakin sirinjin ta gefen bakinsa, ka ɗiga ɗigo ɗaya a harshe, ka jira ya haɗiye, sannan wani. In ka ɗora yatsa a maƙogwaronsa za ka ji haɗiyar. Da ya gane, shi zai riƙa zuƙa da kansa, kunnuwansa suna motsi, hannuwansa suna tausa iska kamar mai kwaɓa fulawa. Wannan tausar ita yake yi wa nonon uwarsa, kuma har ya girma ba zai daina yi wa cinyarka ba. Ya kau da kai, ka tsaya. Madara ta fito ta hanci, ka tsaya nan take, ka sunkuyar da kansa ƙasa kaɗan, ka goge hancin.

Ita kanta madarar, ta shanu zalla tana sa su zawo, kuma ba ta da kaurin nonon mage. Akwai garin madara da aka yi musamman don 'ya'yan mage, in kana da mai zuwa Kano ya duba maka shagunan kayan dabbobi, ita ce ta fi, sai dai tsada. Abin da nake yi a gida: madarar akuya a tafasa, a bari ta huce, a kaɗa gwaiduwar ƙwai ɗaya a cikin kofi guda, ban da farin. In babu akuya mai tatsa, madarar gwangwani ta ruwa marar sukari, a sirka ta da tafasasshen ruwa daidai wa daida, a sa gwaiduwa. Koko da kunu da fura da kindirmo, a bar wa masu gida. Tun da ba firji, haɗa kaɗan kaɗan, abin da ya yi saura ka ba kaji. Ɗiga a bayan hannunka, ka ji ta da ɗumin jiki.

Jaririn mage yana zuwa duniya da nauyin giram 100 ko kusa da haka, kuma cikinsa ba ya ɗaukar fiye da kamar mil 4 a kan kowane giram 100 na jikinsa. A satin farko ke nan mil 2 zuwa 4, duk bayan awa biyu, har cikin dare. Sati na biyu duk awa uku, na uku duk awa huɗu, kana ƙara yawan yadda yake ƙara girma. Cika filas da ruwan zafi kafin ka kwanta, in ba haka ba za ka tsinci kanka kana hura wuta ƙarfe biyun dare. In da ƙaramin sikeli, mai lafiya yana ƙara giram 10 zuwa 15 kullum. Wanda ya yi kwana biyu bai ƙaru ba, akwai matsala.

Sai abin da ba wanda yake zaton ana yi. Ba sa iya fitsari ko kashi da kansu sai uwar ta lashe musu. Bayan kowace shayarwa, jiƙa auduga ko tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, ka shafa ƙasan mara da gindin wutsiya a hankali har fitsari ya zo. Fitsari kowane lokaci, kashi kamar sau ɗaya a rana. In kashin ya tsinke, ƙara wa madarar ruwa na yini guda. Haka za ka yi ta yi har sati uku zuwa huɗu. Ka wanke hannu da sabulu bayan nan.

Ƙuma tana iya shanye jinin ɗan mage har ya mutu. Taje shi da mataji mai ƙananan haƙora, ka riƙa tsoma ƙumar a ruwan sabulu. Fiya-fiya, da maganin kaskar shanu da ake sayowa ranar kasuwa, da Dettol, kowanne guba ne gare shi. Farasitamol kuma ko babbar mage yana kashewa, kada tausayi ya sa ka ɓalla masa ko kwata. Idon da ya manne da kwantsa, ruwan ɗumi da auduga. In yana zubar da ruwa mai kauri, sai malamin dabbobi, shi zai auna masa maganin tsutsar ciki ma.

Daga sati huɗu sai yaye. Dama madarar da dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya ko dafaffen ƙwai, a faranti marar zurfi. Zai taka ciki, zai yi dumu-dumu, ƙyale shi. Mage mai cin nama ce, tuwo zalla ba ya riƙe ta, miya mai albasa da tafarnuwa kuma tana lalata mata jini. Ni ranar Lahadi nake sayo musu ɓarɓashin busasshen kifi a kasuwar Gujungu, ga arha. Ajiye tsohon kwano da yashi a lungu, ka ɗora shi ciki bayan ya ci, da kansa zai tona ya rufe. Mai juna biyu kada ta kwashe wannan yashin.

Tsakanin sati biyu zuwa bakwai ne yake sabo da mutane, don haka a bar yara su riƙe shi, a zaune, da idon babba. A yi masa wasa da zare ko gashin kaza, kada da yatsu, don wanda ya tashi shi kaɗai ba ɗan'uwan da zai rama cizo ya koya masa iyaka. Kada ka ba da kyautarsa kafin sati takwas. In ya cika wata uku a yi masa allurar haukan kare, mage ma tana ɗauka. Wanda za ka ba kuma ka gaya masa ya riƙa ba ta abinci, ƙoshi ba ya hana mage kama ɓera. Magen wajen Gwaggo da na yi rainonta, sau biyu take ci a rana, kuma kusan kullum da safe sai an share wutsiyar ɓera a ƙofar rumbu.